Kujerar Gwarzo Ta Raba Ni Da Abokina

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin yabo ya ƙarasa ni.

Ina aiki a wata maɗaba'a, ni ke kan injin yanka takarda, kuma ba cika baki ba, hannuna ba ya karkacewa. Lafiya lau muke zaune har manajanmu ya je taron bita na shugabanni. Ya dawo da sabuwar jaka da sabon ilimi, ya tara mu ya ce bincike ya nuna ma'aikaci ba ƙarin albashi yake so ba, girmamawa yake so. Mu dai masu binciken ba su biyo ta wajenmu ba.

Da tafi aka fara. Kullum da safe mu yi da'ira mu tafa wa juna, har da mai gadi. Muka haƙura, tafi ai ba ya kisa. Sai ya sayo wata kujera mai juyawa, ya ajiye a ofishinsa na sama, ya raɗa mata suna Kujerar Gwarzo. Duk wanda ya fi ƙwazo zai bar aikinsa ya hau ya zauna kusa da shi wata guda, wai ya koyi tunani irin na shugabanni. Tsautsayi ya faɗa kaina.

Anti, ba abin da nake yi a can sai juyi da gyaɗa kai. Yana karanta mini darasin shugabanci, ni kuwa ina jiyo injina a ƙasa kamar ɗana na kuka a hannun wani. Aikina an jibga wa Dogo, mai ɗinkin littattafai, abokina da muka fara aiki tare, muke cin abincin rana a benci ɗaya. Yanzu shi ke ɗinki shi ke yanka, ba ya tashi sai kowa ya watse. In na sauko, hira ta mutu. Sun sa mini suna Ƙaramin Oga, suna zaton ni ke kai gulmarsu sama. Matata ma da ta yi murna da farko, yanzu cewa take tumbi kawai na samu.

Ga babbar masifar. Wata ya ƙare, manaja ya duba ya ga ni kaɗai ne ban yi kuskure ko ɗaya ba, sai ya sake ba ni kujerar! Dogo kuwa, da gajiya ta sa ya yanke gefen wasu littattafai, aka kira sunansa gaban kowa cikin masu raunin himma. Tun ranar bai amsa sallamata ba, kuma wallahi abin na ci mini rai. Na yi tunanin in ɓata wani aiki da gangan don a tsige ni, amma ko aikin da zan ɓata ba ni da shi. Yaya zan yi?

Gwarzon Dole

AMSA

Ƙanena Gwarzon Dole, na yi dariya, sannan na tausaya maka, amma na fi tausaya wa Dogo.

Manajanku ba mugu ba ne, rabin karatu ya ɗauko. Gaskiya ne mutum na son a yaba masa, sai dai yabon da ke sauke kayan wani ya ɗora wa wani, rigima yake haifarwa. Kai ma da sauranka. Wata guda kana juyi kana jin wahalar abokinka ta ƙasan bene, ba ka buɗe baki ba.

Kada ka ɓata aikin kowa. Ka sami manaja shi kaɗai, ka gode masa, ka ce darasinsa ya shige ka sosai, har ka gane shugaba na gari cikin mutanensa yake tsayawa, don haka kana roƙon ka ƙarasa shugabancinka a gaban injinka. Irinsu ba sa ƙin maganar da aka ce daga bakinsu aka koya. Sannan ka faɗa masa ƙarara cewa aikin mutum biyu Dogo ke yi, a wanke shi a gaban waɗanda aka kunyata shi a idonsu. Amma kul ka ce a ba shi kujerar, ɗinki ne zai dawo kanka.

Shi kuwa Dogo ba dogon bayani yake jira ba. Gobe ka riga shi zuwa, ka naɗe hannun riga, ya tarar da kai kana yanka. Ranar da ya tashi aiki tare da kowa, da kansa zai matsa maka a benci.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa manajanku ya koma ya ɗauko sauran rabin karatun.