Lallen Inna Ya Yi Fure

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Daga ƙanwarka Yagana a Tsanyawa, zuwa ga Yaya Kashim a Murzuk. Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau muke. Gero ya yi kyau bana, 'yan matan da nake koya wa karatu kuma sun ƙaru har tsakar gida ta yi mana kaɗan. Wasunsu sun fara rubuta allonsu da kansu, abin sai ka gani.

Bayan haka, godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna saƙon da na aika maka ta bakin Madugu Umara, cewa lallen da Inna ta taho da irinsa daga Barno ya ƙi fure, ganyensa yana zuba. Tun da idonta ya tafi, ƙamshin furen nan ne abokin hirarta. Mun zuba toka da kashin awaki, ba mu ga canji ba. Sai ta ce ƙasar Kano ta gaji da su, ita da lallen, a ɗora ta a jaki a kai ta Kukawa ta ƙarasa kwananta cikin dangi. Har ta sa aka ɗaure mata kaya. Ka san ko Bichi ƙarfinta ba zai kai ta ba, amma wa zai faɗa mata? Da ƙyar na samu ta yarda ta jira amsarka.

Da ayari ya dawo, Madugu ya miƙo ƙunshin irin ciyawar nan da kuke kira safsafa, ya ce ka ce a shuka ta kusa da rijiya, in ta taso a yanke ta ɗanya a binne a gindin lallen. Inna ta ce ita hanya ta tambaya, ɗanta ya aiko mata da abincin raƙuma.

Na shuka, na yi ta ban ruwa, ta fito kore shar. Sai dai yankanta ya faɗo tsakiyar bazara, harawa ta ƙare a kan kowane ɗaki, jakinmu har ana ganin haƙarƙarinsa. Malam maigidana ya ce bai taɓa jin inda aka binne ɗanyar ciyawa dabba na kallo ba. Indo maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga, ta ce ashe a gidan malamai har ciyawa ake yi wa jana'iza. Na roƙi Malam ya bar mini yankan fari kawai, tunda ka ce tana sake tohowa. Ya yarda, fuska ba walwala. Ta kuwa toho, jaki ya samu rabonsa, yanzu Indo ce ke roƙon iri.

Da damina ta zauna lallen ya yi sabon ganye, sannan fure ya biyo. Ban faɗa wa Inna ba. Wata safiya na fito da ita shan iska, ta ɗaga kai ta shaƙi ƙamshin furen, sannan ta ce, "Yagana, kwance kayan nan. Wa zai tafi ya bar shi yana fure?"

Allah ya saka maka da alheri, Yaya, ya ba ka masu yi maka. Inna tana sa maka albarka, Malam yana gaishe ka. Ka gaida Amsa, da Khalilu, da Rahmatu, ka ce na ce su riƙe karatu. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Yagana