Na cire mai gadin Baba, ya daina zuwa gidana

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Bakina ya yi min katoɓara, kuma mahaifina na yi wa. Yau sati bakwai ke nan bai tako gidana ba, a kan abin da in kin ji za ki ce bai taka kara ya karya ba: antibairos, manhajar nan da ke tsare kwamfuta daga cuta.

Bari in faro daga farko. Babanmu ne ya fara buɗe shagon kwamfuta a layinmu, har yau Mai Kwamfuta ake kiransa, ko da yake ya rufe shagon shekara tara ke nan. A can muka tashi, ni da ƙanina. Kwamfutoci uku ne, farare masu ƙatuwar ƙeya, kowace da mayafin da Mama ta ɗinka mata. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da ruwa, kuma duk wanda ya zo da filash, ko shi wane ne, sai Baba ya karɓa ya bincike shi tukuna. A lokacin bairos, wato cutar kwamfuta, ba abin wasa ba ne. Na ga ɗalibi da gemunsa yana hawaye a shagon nan don aikinsa na shekara guda ya ƙi buɗewa, na kuma ga Baba ya yini biyu a kai har ya ceto masa shi.

Antibairos ɗin nan, mai gadi Baba yake ce masa. Duk shekara sai ya sayo sabo a kwalinsa, ya kankare lambar da ke bayan katin da ke ciki da makullin shago, ya sa ni in karanto masa yana bugawa. Ranar Asabar ake babban bincike. Mukan jeru a benci muna kallon koren layin nan yana jan jiki a fuskar kwamfuta, fanka na kaɗawa, shago na ƙanshin takarda mai ɗumi, Baba na ba mu labarin ƙuruciyarsa. In aka kama bairos sai mu ɓarke da ihu kamar an ci ƙwallo. Wallahi ina kewar waɗannan Asabar ɗin fiye da yadda zan iya faɗa.

Ki yi haƙuri, na yi nisa. Baba mutum ne da ba ya zuwa gidan kowa haka kawai, ko da gidan 'ya'yansa ne, sai da dalili. Bayan rasuwar Mama sai ya samo dalilinsa: duk Asabar zai zo da tsohuwar jakarsa ya duba min kwamfuta. Binciken kan ci awa biyu. A cikin awa biyun nan zai sha shayi, jikoki su hau kansa, ya yi musun ƙwallo da maigidana, sannan ya miƙe ya ce komai lafiya, ya tafi.

To ni malamar makaranta ce, a kwamfutar nake shirya darasi da jarrabawa. Sai ta koma nauyi, in na kunna ta zan iya ɗora girki kafin ta farka. Na kai wa mai gyaran kwamfutocin makarantarmu. Yana buɗewa ya riƙe baki, wai antibairos biyu Baba ya jibga mata, ɗaya ma ya shekara huɗu da daina sabuntawa, suna ta kokawa da juna. Ya ce ai yanzu kamfanin da ya yi babbar manhajar da kwamfutar ke gudana a kai yana sako nasa antibairos a ciki, kyauta, yana sabunta kansa da kansa, kuma na Baba ne suka sa ya janye. Ya cire su. Kwamfuta ta dawo kamar sabuwa, ni kuma ban ko tuna da Baba ba.

Ranar Asabar Baba ya zo, ya gyara tabarau, yana ta neman alamar mai gadinsa. Ina kicin hannuna duk ruwa, na ɗaga murya a gaban maigidana da yara na ce an cire, yanzu kwamfuta da mai gadinta take zuwa, ba ta buƙatar kowa. Ba ta buƙatar kowa, Gwaggo, haka na ce wa ubana. Ya ce to madalla, duniya ta ci gaba. Da na fito na tarar yana mayar da wani sabon kati cikin jaka, ko kankarewa bai yi ba, ashe ni ya sayo wa. Shayinsa ma bai shanye ba.

Tun daga ranar in na kira shi sai ya ce lafiya lau, gwiwa ce ke ɗan damunsa. Ƙanina ya ce in mayar da tsohon antibairos ɗin, in ce masa bairos ya kama ni, zai zo da gudu. Maigidana ya ce in ƙyale shi, zai huce. Ni kuma ina tsoron ya saba da zama shi kaɗai a ɗakin nan, ya ɗauka mun gama da shi. In yi masa ƙaryar, ko yaya zan yi?

'Yar Mai Kwamfuta

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Bari mu fara da mai sauƙin. Mai gyaran makarantarku bai yi kuskure ba. Ga mai aiki irin naki, antibairos ɗin da ya zo da kwamfutar ya wadatar, in dai kina barin ta ta sabunta kanta, ba kya kuma danna duk abin da aka turo miki. Wanda ya daina sabuntawa kuwa ba ya tsare komai. Kada ki mayar da shi.

Ƙaryar ƙaninki ma ki ajiye ta. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana farautar bairos, minti biyar ya ishe shi ya gane babu komai a kwamfutar nan. Yanzu yana jin an daina buƙatarsa ne kawai. In ya gane lallaɓa shi ake kamar ƙaramin yaro, wannan ciwon ya fi na farko. Maigidanki kuma da alama ya ɗauka fushi ne. Ni ban ga fushi ba, kunya na gani, ita kuwa ba ta wucewa don an ƙyale mutum.

Laifinki ba cirewar ba ce. Kin bari ya ji daga kicin, a gaban surukinsa, abin da ya kamata ki zauna ki nuna masa a matsayinsa na gwani. Shi ma Baban yana da nasa: ya ɗora duk zumuncinsa a kan manhaja, ya kasa cewa yana son ganin jikokinsa. Amma a shekarunsa ba za ki sauya masa hali ba, ke ce za ki matsa.

Ki ba shi haƙuri a kan kalmar nan, kai tsaye, ba kwana-kwana. Daga baya ki nuna masa sabon antibairos ɗin, ki bar shi ya tona shi ya kushe shi son ransa, masu sana'a suna jin daɗin haka. Akwai kuma aikin gaske da babu manhajar da za ta yi miki: adana kwafin takardunki a wani wuri, da koya wa yara gane saƙon damfara. Ki roƙe shi ya karɓi wannan, don kuna buƙata, ba don ki samar masa abin yi ba.

Amma wannan duk sai a zuwa na biyu. Wannan Asabar ɗin ke za ki je, ki kwashi yaran, ki bar kwamfutar a gida. Zai buɗe ƙofa ya tambaye ki me ya faru, me ya kawo ku. Ki ce masa babu komai, Baba, ki nemi wuri ki zauna, kada ki tashi sai kin yi awa biyu.

Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya ƙara wa Mai Kwamfuta lafiya da tsawon kwana, ya sa ku daɗe kuna ganin juna.

Gwaggonki