Usur Ɗin da Za a Rataya Mini Ranar Juma'a

Assalamu alaikum masu kula da wannan fili, da duk wanda zai karanta. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni, don wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Shekarata goma sha ɗaya a Jidda, ina dakon kaya a wani sito a unguwar Khumra. Muna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa a unguwar Mahjar, 'yan Nijar da 'yan Cadi, ni ne kyaftin. Duk Juma'a bayan la'asar muke bugawa a wani fili bayan gareji, in an tashi mu zauna mu ci shinkafa, manyan faranti uku. Babu unguwar da ba ta shakkarmu. Ni da bakina na kawo Koci Haruna, na ce ya san ƙwallo, ya yi boko, mu ba shi usur. Ashe ni na janyo mana.

Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Kyaftin, kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar nan a ƙarƙashinsa, zai sa mu a gasar kamfanoni da sunansa, amma sai mai iƙama, takardar izinin zama. Waɗannan marasa takardar ba zan iya kallon idonsu in kore su ba. Kai suke jin maganarka. Ka ce musu 'yan jawazat masu kamen marasa takarda sun sa wa filin ido, halas, shi ke nan, da kansu za su janye. Ni kuma in sa a mai da iƙamarka wurin kafilina, ka huta da dako."

Na san ƙarya ce, ba zan ce an rufe mini ido ba. Bayana ne ya gaji da buhu, kwaɗayi ya ja ni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rage murya kamar mai ba da shawarar arziki, mutum bakwai, kuma su ne ƙungiyar. Koci ya cike gurbinsu da ma'aikatan ofis masu tumbi, waɗanda minti goma ke sa su neman ruwa. Wasan farko aka zuba mana biyar. Na biyu 'yan unguwar Sharafiyya, waɗanda a da suke roƙon mu sassauta musu, suka yi ta yi mana dariya har bakin mota. Koci sai ihu da canza mutane, kowane mako da sabon tsari. Faranti uku ya koma ɗaya, shi ma ba ma cinyewa.

Amma abin da ke cin raina Abakar ne, golanmu, ɗan Cadi. Shi maganar ta fi shiga. Ya daina fita aiki, ko mota ta tsaya a ƙofa sai ya zabura. Ya ce mini, "Kyaftin, da wani ne ya faɗa da ban yarda ba, amma kai ba ka ƙarya." Bayan wata biyu ya gaji, ya tafi ƙarƙashin gadar da marasa takarda ke zama su jira a kwashe su, aka mai da shi gida hannu rabbana. Ni na riƙe masa jaka har wurin, ban gaya masa ƙarya na yi ba. Wane irin mutum ne ke yin haka?

A zagayen farko aka fitar da mu. Kafilin Koci dai ya ga sunansa a riguna, ya ji daɗi, ya ba shi babban matsayi a wani gari. Na same shi yana haɗa kaya, na tuna masa batun iƙama. Ko ɗago kai bai yi ba. "Wace iƙama? Ni na taɓa aikenka wurin wani? Yalla, ina sauri." Mutumin da na sayar da 'yan uwana dominsa ke nan. Wallahi na ji zafin cin amanar nan, sai na rasa wa zan kai wa kuka, tunda ni ma abin da na yi ke nan.

Jiya Yaya Mahamat, wan Abakar, dattijon da ke dafa mana shinkafar, ya zo ɗakina da usur a hannu. Ya ce, "Ƙanena, Juma'a a gaban kowa zan rataya maka wannan ka zama kocinmu, kai kaɗai muka yarda da kai. Abakar ya aiko kaset yana gaishe ka, ya ce kai ka cece shi daga kamu a fili." Sauran shidan kuma suna son dawowa, suna jira in faɗa musu ko jawazat sun janye.

In na ce sun janye, na ɗora ƙarya kan ƙarya. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Yaya Mahamat? Saura kwana uku Juma'a. Jama'a, me zan yi?