Takalman Fasto

Zuwa ga matata, Maman Tsako,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jikinki, yaya ƙarfin zuciya? Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarki, ita kuwa ba a sayar da maganinta a kemis.

Kin san ni da biro ba ma shiri, basilla ce abokiyata, to ki yi haƙuri da rubutun. Mai kai burodi unguwarku ne zai miƙa miki.

Tun da muka binne yaronmu kika koma gidan Inna, ban taɓa komai a ɗaki ba. Kofinsa na roba yana kan taga. Madubinki ya yi ƙura na goge, sai na ga fuskata ni kaɗai a ciki, na daina gogewa. Rumfa tana nan, aiki yana zuwa. Sai dai mutane sun koma kirana Mai Takalmi. Su fara "Baban", su haɗiye sauran, su kalli ƙasa. Fasto kaɗai bai canja ba. Daga tsallaken titi yake ɗaga murya, Baban Tsako, ina kwana! Wani dattijon ikkilisiya ya ja shi gefe ya ce yana fama mini ciwo. Fasto ya ce masa yaron yana raye a wurin Ubangiji, to yaushe aka sauke ni daga zama ubansa?

Na san abin da matan zumuntar majami'a suka faɗa miki ranar gaisuwa, wai mai bangaskiya ba ya kuka haka. Da ma kina nan Lahadin da ta biyo baya. Fasto bai kama suna ba. Ya ce Ubangiji da kansa ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya zubar da hawaye, alhali ya san zai tashe shi, to wadda ta fi Yesu bangaskiya ta ɗaga hannu mu gan ta. Uwar zumunta ta yi ta gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Ban rubuto don in matsa miki ba. Ranar da na zo Inna ta ce kina kwance, na gane. Ina jira. A majami'a nakan aje hulata a gefena don kada wani ya zauna a wurinki.

Ki gaishe da Inna. Ubangiji ya riƙe mini ke.

Mijinki,
Baban Tsako

Matata Maman Tsako,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidan. Mai burodi ya ce da hannunki kika karɓi takardata. Ba ki ba da amsa ba, amma ya ce ba ki bari Inna ta riƙe miki ba. Wannan na ɗauka na yi guzuri da shi.

Ashe Fasto yana zuwa wurinki.

Bai faɗa mini ba, takalmansa ne suka tona shi. Kin san baƙaƙen nan nasa da na sha yi wa faci har fatar asali ta kusa ƙarewa. Ya kawo su dunduniya ta cinye, na juya zan sa gam, sai ga jar laka haɗe da garin katako ta cika ƙasansu. Duk garin nan wuri ɗaya ake taka irinta, lungunku, bayan masu yankan katako. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne, sabuwa ce a kan tsohuwa.

Na aje takalmin a kan benci. Na ce Baba, kana ganinta? Ya ce takalmi ya kawo gyara, ba duba ya zo ba. Na ce ta rame? Tana cin abinci? Ta ambace ni? Ya ce abin da kika faɗa masa naki ne, kamar yadda bai kai miki labarin ranar da ya same ni a bayan rumfa na rufe fuska da tsumman goge takalmi ba. To ga shi ni na kawo miki da kaina.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Yayana ya daɗe yana zuga ni in kai magana gaban dattawa a kira ki, na ƙi. Amma ranar sai na ji bakina yana cewa Baba, kai take jin maganarka, ka buɗe mata Maganar Allah ka nuna mata wurin mace ɗakin mijinta ne. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shi makiyayi ne, ba ɗan sanda ba. Ya ce zai iya sa ki dawo gobe, amma gangar jiki zai kawo mini, in yi ta zama da ita kamar an aje mini kujera. Wai ba a ba shi Maganar Allah don ya kora mutane da ita kamar sanda ba, abinci ce, mai ciwo kuwa kaɗan-kaɗan ake ba shi.

Na ce to ni haƙuri nake yi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce haƙurina yana da kyau, amma ya fara kama da ɓuya. Wai Allahn da muke bi bai zauna a sama yana aiko da takarda ta hannun mai burodi ba, saukowa ya yi da ƙafarsa ya sha ƙura.

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Maman Tsako, tsoro nake ji. Idanun yaron nan irin nawa ne, kowa ya faɗa. Ina tsoron ki kalle ni ki gan shi, ki juya baya. Gara in yi kewarki daga nesa da in ga haka.

Na gyara masa takalman, amma lakar ban jefar ba. Na kankare ta a murfin gwangwanin gam, tana nan kusa da ƙusoshi. Ki yi mini dariya in kin so, na daɗe ban ji ta ba.

Naki har kullum,
Baban Tsako

Maman Tsako tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna. Da fatan wannan ta same ki cikin salamar Ubangiji.

Jiya da hantsi Fasto ya zo da leda a hammata, ya dire mini a kan benci. Takalminki ne mai ruwan ƙasa, na ƙafar dama, maɗaurinsa ya rabu biyu. Ya ce an ce a gyara. Na ce in na gama zai mayar? Ya ce shi ya tsufa, gwiwoyinsa sun yi murabus daga aikin masinja, kuma ya riga ya roƙi mai burodi kada ya ɗauki kaya, takarda kawai.

Da ya tafi na daɗe ina juya takalmin. Shatin yatsunki yana nan a ciki, babban ya fi nutsewa kamar kullum. Sai na duba maɗaurin. Fatar da ta gaji ta tsinke takan yi gashi-gashi a baki. Wannan kuwa sumul take, reza ce ta bi ta. Da farko na zargi Fasto, don tsohon nan zai aikata. Amma yankan ya karkata ne daga hagu, shi kuwa da dama yake komai. A gidanku bahaguwa ɗaya na sani.

Ɗinkin ba zai ɗauke ni komai ba, sai dai ban yi ba. Maɗauri ba ya zama daidai sai da ƙafa a ciki, kuma ban san yadda ƙafarki ta koma ba a watannin nan. Ran Asabar zan rufe rumfa in zo da basilla da zare. Ba zan ce ki haɗa kaya ba, ba zan zo da yayana ko dattijo ba. Zan zauna a dakalin ƙofar Inna. In ba za ki iya kallon idona ba tukuna, ki tsaya bayan labule ki miƙo ƙafar kawai, ni dama kaina a sunkuye yake in ina aiki.

Zan yi ɗinkin a hankali. Ki sani tun yanzu, ban taɓa yin aikin da zan ja shi kamar wannan ba.

Ubangiji ya kai mu Asabar.

Mijinki mai kewarki,
Baban Tsako