Fasinjojin da Ba Su Zuwa Ko'ina

Jiwa,
9 ga Yuni, 1973.

Zuwa ga Yayana Philip,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da aikin jirgin ƙasa a Kaduna. Allah ya ƙara tsarewa. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka sosai, doyarmu ta yi kyau.

Yaya, ka ce in kai Mama garin Abuja ranar Talata, ranar da likitan ido zai zo duba masu yana a ido. To, ban kai ta a kan lokaci ba, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Da sassafe muka fito bakin hanya, muka tarar da akori-kura biyu. Ɗaya mutum huɗu ne kawai a ciki, ɗayar kuwa ta kusa cika. Ka san mota ba ta tashi sai ta cika, shi ya sa na ja hannun Mama muka hau wadda ta kusa cikar, har ina yabon kaina da wayo. Ɗan kamashon ma ya rantse mini cewa mutum biyu kawai ake jira.

Ashe rabin mutanen nan ba matafiya ba ne! Zaunar da su ake yi don a ruɗi irina. Duk fasinjan gaske da ya hau, sai ɗaya daga cikinsu ya ce zai je ya kama ruwa, ya sulale. Muna zaune a kan katako, buhun gawayi a ƙafarmu, akuya tana cin bakin zanena, ɗaya motar ta cika ta wuce mu. Na nemi mu sauka tun kafin ta tashi, aka ce an riga an ɗaure kayanmu a can ƙarƙashin doya. Direban kuwa yana gindin mangwaro yana cin rogo. Da na yi masa magana, cewa ya yi in ina sauri in sayi tawa motar. Abin da ya fi ƙona mini rai, cikin masu zaman ƙaryar har da Jacob ɗan Kawu Andrew, ya ja hula ya rufe fuska. Ya san inda za mu, amma bai gargaɗe mu ba.

Sai bayan azahar muka isa. Ma'aikaciyar asibitin ta ce likita ya tafi tun tsakar rana, ba zai dawo ba sai bayan damina. Ni na yi ta faɗa a hanyar dawowa. Jiya ne Mama ta kira ni, ta ce in rubuta maka kada ka jira Kirsimeti, ka zo a wannan watan ko na kwana biyu ne, ka kawo mata jaririnku tun tana iya rarrabe fuska.

Ka gaida Rosemary da yara, da Baba Enoch in kun haɗu a coci. Magdalene tana gaishe ku.

Ni ce ƙanwarka,
Hannah.