Hankalin Baba Na Nan, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi, Allah ya kai haske kabarinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ni ce Zuwaira, autarki. Na san ba za ki karanta ba, amma akwai masu karantawa, kuma ina so su ji.

An yi wa Baba aiki, Inna. Ciwon cikin nan da ya daɗe yana ɓoye mana, ashe tsakuwa ce a matsarmamarsa. Likita ya ce ba za a farke cikin ba. Za a sa shi barci, a yi ƙananan huji, a zura kyamara, washegari ya koma gida. Ni na fassara wa Baba, don kin san Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Duk abin da aka faɗa mini na faɗa masa.

Ya farka yana amai, murya a dishe, kafaɗar dama na ciwo. Ya dube ni ya kira ni da sunanki, ya ce in miƙo masa hularsa, motar Damagaram za ta tashi ta bar mu. Da safe likitan ya ɗaga rigarsa, ya duba hujin, ya ce aiki ya yi kyau, ya sallame mu. Ko tambayarsa yadda ya kwana bai yi ba.

A gida, nan unguwarmu Akébé, ruɗun bai sake shi ba. Sai ya tayar da salla ya manta inda ya tsaya. A haka Baffa Sani ya same shi. Kin san Baffa Sani, ƙanen nan nasa da Baba ya ɗauko daga gida ya koya masa sayar da atamfa. Ya kalle shi ya ce, "Yaya ya tafi, sai haƙuri." Ya sa hannu a aljihun Baba ya zare makullin shagonsa na kasuwar Mont-Bouët, Baba na kallo. Ranar Juma'a kuma ya tsaya ƙofar masallaci yana roƙon jama'a su sa yayansa a addu'a, wai ya zautu.

Na koma asibitin, na tsare likitan da ya yi masa allurar barci. Ya ce ai tsofaffi kan yi haka bayan barcin aiki, yakan wuce. A ba shi ruwa sosai, a sa masa tabaransa, a fito da shi hasken rana, wanda ya sani ya zauna kusa da shi. Ciwon kafaɗa kuma iskar da suka hura masa a ciki ce. Ya faɗa kamar abin da kowa ya sani. Na tambaye shi me ya hana su gaya mana tun kafin aikin. Agogonsa ya duba.

Maganar da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba, Inna. Da an yi mana ita, da ni zan tare Baffa a bakin ƙofa.

Na yi yadda aka ce. Na dama masa kunun gyaɗa irin naki, ban iya kamar ke ba, amma ya sha. A hankali ya dawo. Wata safiya ya sa babbar riga, muka hau tasi zuwa kasuwa. Ya tsaya gaban Baffa ya miƙa hannu. Baffa ya ajiye masa makullin a tafin hannu, kansa a ƙasa.

Hujin sun warke, da ƙyar ake ganin tabonsu. Amma abokan cinikinsa yanzu da ƙarfi suke masa magana, suna jan kalma, kamar da ƙaramin yaro. Mutumin da ake jira ya raba gardama a ƙofar masallaci, yau yana sallamewa sai ya ɗauki takalmansa ya taho gida. Ya ce mini, "Bar su, Zuwaira." Ni na kasa, Inna. Ke ce mai iya sanyaya mini zuciya, ga shi ba ki nan.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya ƙara wa Baba lafiya, ya mayar masa da girmansa a idon mutane. Ni kuma ya ba ni ikon gaida Baffa da zuciya ɗaya, don har yau da baki kawai nake gaishe shi.

Taki har kullum,
Zuwaira