Hannuna Ya Fara Rawa, Kuma Bas Nake Tuƙawa

Malama Kuramochi, don Allah ki taimake ni. Tsoro ya hana ni sukuni, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Ni direban bas ne a Nagasaki, na haura shekara hamsin. Tun ina yaro nake son tsofaffin finafinan katun, irin na baƙi da fari da ake zana kowane motsi da hannu. Mahaifina ne ke kai ni silima kallonsu, a nan na kamu da zane. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Duk wata nakan zana labarin ban dariya mai hoto huɗu, na wani kunkuru mai raba wasiƙu da ke fama da matakalar unguwarmu, a buga a bayan takardar sanarwa da ke zagayawa gida-gida. Akwai tsohuwar da ke yanke shi tana liƙawa a jikin firij.

A bana na ga layin zanena ya fara rawa. Ƙoƙon bayan kunkurun da nake zagayewa a jan alƙalami ɗaya, yanzu kamar haƙoran zarto yake fitowa. A ƙungiyarmu ta masu zane, abokina Okabe ya ɗaga takardar yana tsokanata, wai na ƙware, zanena har motsi yake yi kamar katun ɗin da. Na taya su dariya kawai. Haka ciwon mahaifina ya fara, a ƙarshe ko kofin shayi ba ya iya riƙewa.

A kan sitiyari ban ji komai ba tukuna. Amma hanyata gangara ce da kwana-kwana, kuma da safe motar cike take da 'yan makaranta. In na je asibiti kamfani zai ji, a sauke ni daga mota, wataƙila alƙalamin ma a ce in ajiye. In na yi shiru kuma, ba na iya ƙarasa tunanin. Matata Sumie ba ta sani ba. Na koma cin shinkafa da cokali, na ce mata tsinkayen da muke cin abinci da su a nan ƙasar ne suka gundure ni.

Mai Kunkuru, Nagasaki

Mai Kunkuru, na ji tsoronka, kuma yana da dalili. Wanda ya ga abin da ka gani a jikin mahaifinka dole gabansa ya faɗi. Sai dai rawar hannu iri-iri ce: akwai ta gajiya, akwai wadda wani magani ke jawowa, akwai mai sauƙin warkewa. Ka yanke wa kanka hukunci alhali likita bai ko duba ka ba.

Aikinka kuwa ina tausaya maka, rasa shi ba wasa ba ne. Amma iyayen yaran nan amana suka ba ka, kuma ba su san abin da ka sani ba. Ka nemi hutu, kada ka sake hawa motar sai likitan jijiyoyi ya gan ka. Ka tafi masa da zanenka na bara da na bana, ya ga bambancin da idonsa.

Sumie kuma, matar da mijinta ya koma cokali rana tsaka ta lura tuni, jira take ka yi magana. Ka gaya mata yau, ku je tare. Zane kada ka daina, maƙwabtanka dariya suke nema a ciki, ba miƙaƙƙen layi ba.

Ko me likita ya faɗa, ya fi wannan zullumi da kake ɗauke da shi kai kaɗai sauƙi. Ina maka fatan lafiya da labari mai daɗi.